Rasuwar Shuɗiya, Motar Tudun Aduwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannayen da har yau baƙin mai bai fita daga farcensu ba, ni Rabe ɗan Isufu na Tudun Aduwa, gabas da Allakaye, nake sanar da 'yan uwa da abokan hanya na Buza da Madawa da Kaita rasuwar motata Shuɗiya, ƙirar kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya. Ta cika a ƙofar gidana cikin daminar bana ta 1986, tana jingine a kan duwatsu, ƙafarta ta baya ta hagu a cire. Ba a san shekarunta na gaskiya ba. Wanda ya sayar mini da ita a Ƙwanni ya rantse yarinya ce, ni kuwa na leƙa ƙarƙashinta, na biya duk da abin da na gani.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta san girman kai ba. Ta ɗauki albasa, ta ɗauki raguna, ta ɗauki amare da gara, ta ɗauki gawa ba ta taɓa nuna ƙyama ba. A shekarar fari ita ta riƙa hawo da jar dawar taimako daga Buza, tana nishi a kan dutse kamar tsohuwa da tulu. Ba zan ɓoye aibinta ba, tunda an ce a faɗi gaskiya ko a gaban gawa: ba ta tashi da safe sai an tura ta, kuma ta tsani limamai, duk ranar da liman ya zauna a gaba sai taya ta fashe. Amma ita kaɗai ce mota a garinmu, kowa kuma ya san muryarta. In ta doso gangaren dutse da la'asar na taka birki, sai ta ce “ƙiiii, ƙiiii,” mata su ɗora tukwane.

Ga yadda ciwon ajalinta ya faro. Mai ɗakina Jaratu tana da ciki, bayan shekara tara muna jira. Ungozomar asibitin Buza ta duba ta, ta ce ɗan a gicciye yake, ranar da naƙuda ta taso kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida, a sa ta a mota a kawo ta. Ni kuma na san ruwan koramu ya shiga ƙafar Shuɗiya, birkin baya yana kamawa yana saki. Na ce ba zan sauko da Jaratu daga wannan dutse da birki mai shakka ba. Saura wata guda ta haihu, a lissafin mata. Na ga akwai lokaci.

Akwai makanikai a Madawa, ban manta da su ba. Sai dai na yi ci-rani shekara biyu kusa da wani garaji a Abijan, ina sayar da shayi ina kallon masu gyara, tun daga nan nake ɗaukar kaina rabin makanike. Ashe rabin sani ya fi jahilci ɓarna. Na ɗaga ta, na jera duwatsu, na cire taya. Tambur, wato kaskon ƙarfen da birki ke kamawa a cikinsa, ya ce bai san zancen fita ba. Tsatsa ta aurar da shi. Na zuba kananzir na bar shi ya kwana, na zuba man gyaɗa, na bi gefensa da guduma ina lallashi. Kwana uku bai motsa ba. Ɗan ƙusan da ke riƙe shi na murɗa da ƙarfi, kansa ya guntule a cikin kile, wato sifana, gindin ya zauna a ciki yana kallona.

A nan ne na kira Bawa maƙeri, abokin wasana, wanda duk hauyar garin nan daga hannunsa ta fito. Ya duƙa ya duba, ya yi dariya ya ce, “Wanga ɗan abu shi ka hana ka kwana? Ƙarhe duk ƙarhe na, wuta ɗai yas sani.” Ya kawo zugazugi da gawayin ƙirya, muka haɗa wuta a ƙarƙashin tambur har ya yi ja. Wutar ta yi aikinta, na ga ya fara saki da idona. Da mun bar shi ya huce da kansa, da yanzu wata takarda nake rubutawa. Amma hannun maƙeri ya riga tunaninsa. Shekara talatin Bawa yana tsoma jan ƙarfe a ruwa, bai san wani ƙarshen aiki ba sai wannan. Ya ɗauki ƙwarya ya watsa, ni ma ina tsaye ban hana ba, har na ce madalla.

Maganarta ta ƙarshe ke nan: “ƙas!” Tambur ya tsage gida biyu. Robobin ciki sun riga sun ƙone, man birki ya tsiyaye a ƙasa har ya ƙare.

Na aika Ƙwanni a nemo wani. Ruwa ya yanke hanya. A rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, naƙuda ta taso wa Jaratu, ba ta jira lissafin kowa ba. Muka shimfiɗa ta a amalanken shanun Hama maƙwabcina, muka wuce ta gaban Shuɗiya tana kan duwatsunta, tankinta cike da man da na ajiye domin wannan rana. Tafiyar da motar take yi kafin shayi ya nuna sau biyu, shanu suka yi ta har rana ta faɗi. Allah Ya bar mini Jaratu. Yarinyar, mace ce, ba ta zo da rai ba. Mun dawo da ita a cikin zane, tana kwance a bayan gida, gindin aduwa.

Sabon tambur ya iso bayan kwana shida. Yana nan cikin buhu, ban kwance bakinsa ba. Masu sani sun ce aikin yini ɗaya ne Shuɗiya ta tashi. Na gode musu. Ni da na san ta na ce ta rasu, ba zan ƙara riƙe sitiyarinta ba. Tun daga ranar, in la'asar ta yi, ina jin “ƙiiii” daga kan gangare, sarai kamar da. In fito, hanya ba kowa, ga ta nan a ƙofar gida kaji suna kiwo a ƙarƙashinta. Na ɗauka kunnena ne, sai ranar da na ga Jaratu ta tsai da taɓarya ita ma tana saurare. Ban tambaye ta ba. Tsoro nake ji, kuma ina jin kunyarta.

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu da safaya mai faci bakwai, da batir da ya daɗe yana jinya, da madubi ɗaya. Ta bar Bawa, wanda bai hura wutar maƙera ba tun ranar, ko da yake na je har gida na gaya masa ni na kira shi. Ta bar gari guda da ya koma tafiyar ƙafa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Shanun Hama za su ja ta zuwa kwazazzabon yamma. Dukawa su zo su ɗauki tayoyi su yanka takalma, tamfol na masallaci ne, sabon tambur kuwa duk mai mota irinta ya zo ya ɗauka kyauta, da sharaɗin ya kai wa makanike. Masu ta'aziyya su tsaya a zaure. Na san ƙaddara ce, ba sai an tuna mini ba.

Hanyar kwazazzabo mafi kusa ta bayan gidana take, amma ba ta nan za a bi ba, za a zagaya ta kasuwa ko da shanu za su gaji. Wannan roƙon Jaratu ne, shi kaɗai ta yi tun da abin ya faru. Ta ce mini, “Ranar da ɗiyata tab biɗe ta, ba ta zo ba. Yanzu kau kar a wuce da ita ta gabanta.”