Injiniya Abdulmaƙsud, Sarkin Ruɓa

Allah ya yi wa ƙauyenmu na ƙasar Masar gata da Injiniya Abdulmaƙsud, malamin gona wanda laka ba ta taɓa ganin takalminsa ba. Kwana uku ya yi yana kwas a Alƙahira, ya dawo da ilimin da ya fi ƙarfin wuyansa. Mu dai Sarkin Ruɓa muke ce masa, amma a bayan ido.

Da kaka aka girbe shinkafa, kara ya rufe gonar Baba Shahata, ga lokacin shuka alkama ya matso, ga hukuma ta hana ƙonawa. Buhu biyu na takin yuriya ne rabon tsohon daga ƙungiyar manoma, yana lallaɓa su don alkamar da gidansa zai ci shekara.

Injiniya ya tsaya a kan kunya, ya ɗaga yatsa. "Ya Hajji, ƙananan halittun ƙasa ke cinye kara, kuma yunwa suke ji! Watsa musu buhunan nan, ka sakar musu ruwa. Kwana goma, ko tsinken sakace ba za ka samu ba."

Baba Shahata ya ce, "Ya Basha, ranka ya daɗe, sanyi fa ya shigo. Ko kashin jaki ba ya ruɓa yanzu."

"Kai da jakin, wa ya je Alƙahira?"

Aka watsa, aka saki ruwa. Halittun, bayin Allah, suka duƙunƙune don sanyi. Ruwa ya kwashe takin tas, ya juye a lambatun bayan gona. Bayan kwana ashirin kara na nan garau, har sheƙi yake. Baba Shahata ya kwashe shi da hannu, ya yi shuka a makare, alkama ta fito rawaya-rawaya. Wallahi na tausaya masa.

Injiniya kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Manya ya gayyato daga birni, ya kai su bakin lambatu, inda ciyawa ta sha taki ta yi kore shar, ta kai ƙirji.

"Ranku ya daɗe, ga sakamakon bincikena!"

Baƙi suka tafa, aka yi hoto. Babbansu ya shafa ciyawar, ya tambayi Baba Shahata buhu nawa yake sa ran samu a wannan alkama mai albarka.

Tsohon ya ce, "Ya Basha, sai dai ka tambayi jakina. Bana shi aka noma wa."