Yadda Za Ki Karanci Kyanwar Hajiya Kafin a Sallame Ki

Ke da aka kawo aikin gida Maitama, kwantar da hankalinki. In kika bi matakan nan, ina tabbatar miki za ki yi wata uku cur a gidan Hajiya Nabilah. Ba a taɓa yin wadda ta kai huɗu ba.

1. San wace ce babba

Ba Hajiya ba ce, ba oga ba ne. Gimbiya ce, kyanwar da aka tsinto a bayan masu kifi na kasuwar Kado da yagaggen kunne. Yanzu ruwan gora take sha, tana da likitanta. Hajiya ta yi imani dabba ba ta ƙarya, duk wanda Gimbiya ta ƙi mugu ne. Aikinki a fuskar kyanwar nan yake.

2. Kunnuwa

In suka kwanta baya, fara haɗa kayanki. Luba, wadda ta riga ki, da tsintsiya kawai ta shigo falo, kunnuwan suka kwanta. Kyanwar da ta shekara biyu tana shan tsintsiyar masu kifi, rawa za ta yi? Hajiya ta ce a'a, baƙar zuciya ta gano. Kafin la'asar Luba tana cikin motar garinsu, Abaji.

3. Ciki

In ta miƙe ta buɗe miki ciki, ba gayyata ba ce. Meshach direba ya kai hannu, wai a garinsu shi ne uban kyanwoyi. Ya samu yakushi layi huɗu, aka kuma sa shi ya ba da haƙuri. Ba ga Hajiya ba.

4. Ido

Kada ki kalle ta. Nan ne Rumasa'u, wata 'yar aiki daga ƙauyen Paikon Kore, ta fi kowa, ba da wayonta ba. Ita ko me ake mata magana, kanta a ƙasa, har Hajiya na kiranta baƙauya a gaban baƙi. Ashe a wurin kyanwar bola, mai zura ido shi ne mai jifa. Sati biyu Gimbiya na leƙen ta daga ƙarƙashin kujera. Wata safiya ta fito, wutsiya a tsaye, ta goga jiki a zanenta, ta ɗago ta lumshe ido a hankali. Masana sun ce wannan so ne. Masana ba su taɓa aiki a Maitama ba.

5. In ta so ki, ki ɓoye

Rumasa'u ba ta ɓoye ba. Gimbiya ta bar katifarta mai taushi ta koma tabarmar kicin. Hajiya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Me kika ba ta?"

"Ba komai, Hajiya."

"To ni me ya hana ta lumshe mini?"

Amsar tana bakin Rumasa'u: wadda ake kafa wa waya a fuska tun safe ana ɗaukar hoto, yaushe za ta lumshe? Ta haɗiye, ta dubi ƙasa. Hajiya ta ce asiri ne, ta sallame ta.

6. Duba jakarki kafin ki hau mota

Sai a Gwagwalada, a hanyar gida, jakar buhun Rumasa'u ta yi motsi. Kwana uku Gimbiya ta yi a Paikon Kore tana share ɓerayen rumbu, tana shan ruwan kwata, gashinta har sheƙi yake. Rana ta huɗu Meshach ya iso, hannu a naɗe, ya ce Hajiya ta ce a dawo da kyanwa, in ta ƙi zuwa ita kaɗai, a haɗo da yarinyar. Rumasa'u ta dubi ƙasa ta ce a tambayi Gimbiya. Meshach ya matsa. Kunnuwan suka kwanta.

Gargaɗi: in kika bi matakan nan aka yakushe ki, ko aka kore ki, ko aka so ki, babu ruwan kowa a nan. Kai ƙararki wurin Gimbiya, tana can bayan rumbu a Paikon Kore.