Rasuwar Tasalla, Motar da Aka Shayar da Man Jirgi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirji mai cike da hayaƙi, iyalan Malam Sama'ilu Direba na ƙauyen Kukar Sabo, ƙasar Ɗambatta, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsu, akori-kurar nan da kowa ya sani da suna Tasalla. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi a hawan Kwarin Makera, da kaya a bayanta kamar yadda ta rayu. Da Malam Sama'ilu ne da kansa zai rubuta wannan sanarwa, to amma hannunsa na dama yana cikin karan ɗori, saboda dalilin da za a ji nan gaba.

An raɗa mata Tasalla ne domin ranar Babbar Salla ta shigo garin, shekara goma sha tara ke nan, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Tun daga ranar Sama'ilu bai san wata sana'a ba. Da ita yake ci, da ita yake ciyar da gidansa, albarkacinta ake kiransa Direba, har dattawa suna matsa masa wuri a tabarma.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta kai gero da gyaɗa kasuwa, ta kai taki gona, ta kai gawa makwanci, ta kai masu naƙuda asibiti, biyu ma ba su ƙarasa ba suka sauka a bayanta. Gaskiya ne ba ta tashi da makulli sai an tura, amma wa ya taɓa jin an tura ta ta ƙi? Duk wanda ya wayi gari a Kukar Sabo ya san gaisuwarta ta safe: "kyar-kyar-kyar… tuf… tuf… burrrum!" Ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Birkinta sai an taka sau uku, amma tana jin na ukun.

Jinyarta ta faro ne da wahalar man nan da ta addabi kowa. Gidajen mai sun bushe ƙaf. Sama'ilu ya yi kwana uku a layi ya dawo da jarka ba ko ɗigo, dole ya koma wa 'yan bumburutu masu sayarwa a kwalba, marasa tsoron Allah, waɗanda ke gauraya fetur da kananzir. Tasalla ta sha don ba ta da yadda za ta yi, sai ta kamu da tari. Ko ɗan tudu ta hango sai ka ji cikinta yana "ƙwal-ƙwal-ƙwal", kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Manoma suka fara juya mata baya, suna ɗora hatsinsu a amalanken shanu. Ranar da amalanke ya wuce ta a hawa, mai shanun har da ɗaga hannu yana sannu da aiki, Sama'ilu bai iya cin tuwo ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don ya ga sana'arsa tana zamewa daga hannunsa yana kallo.

Ana cikin haka sai ga Abdussalam, ƙanen matarsa Sakinatu. Shi gadi yake yi a filin da wani ƙaramin jirgi ke sauka, wanda aka kawo don feshin tsuntsayen jan-baki masu cinye gero. Da jirgin ya gama aiki ya tafi, sai Abdussalam ya tatse abin da ya rage a gindin duro ya kawo jarka guda. Man shuɗi ne kamar ruwan bula.

"Yaya, wannan man jirgi ne," in ji shi. "Abin da ke ɗaga ƙarfe sama, ina ga akori-kura a ƙasa?"

Aka ɗura mata. Kuma tsakani da Allah, tarin ya tsaya cak. Muryarta ta washe, ta koma "hmmmmm", irin wadda ba a ji ba tun kafin wahalar mai. A nan ne Sama'ilu ya yi lissafin da ya halaka ta, lissafi irin na mutanenmu masu kiwo: wanda ya cika wa bijiminsa ciki da dusa da kanwa da harawa, ai ƙarin aiki yake jira a wurinsa. Ya bi gida-gida yana shela, duk mai kayan kasuwar Ɗambatta ya fito da shi ranar Lahadi, abin da ya saba kwashewa a sahu biyu a sahu ɗaya zai kwashe.

Mutane suka fito da kaya kamar masu ƙaura. Aka jibga mata gero, aka ɗora albasa a kan gero, aka ɗaure raguna uku a kan albasa, sannan masu kaya suka haye can ƙoli, har da Abdussalam yana washe baki. Tayoyinta suka baje, bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Sakinatu ta leƙo daga zaure.

"Malam, wallahi motar nan ta durƙusa. Ka rage mata."

"Ke dai koma ciki," in ji shi. "Yau jirgi ce."

Kwarin Makera busasshen rafi ne mai hawa a miƙe. Shekara goma sha tara, in an zo nan kowa sauka yake yi, a bi ta a ƙasa ana turawa ana yi mata kirari har ta haye. Ran nan Sama'ilu ya rantse ba mai sauka. Ya gangara a guje, ya danna mata mai har ƙafarsa ta taɓa ƙarfe.

Ta yi iyakar ƙoƙarinta, wannan duk wanda yake wurin ya shaida. Ta kai rabin hawa tana kururuwa, "wiiiiii", sai aka ji "ɓas!" Lagireto ya fashe, tafasasshen ruwa ya yi tsiri sama. Wani ƙarfe ya tsinke a cikin inji, ya huda cikinta ya fito waje, baƙin mai ya kwarara a rairayi kamar jinin yanka. Ta tsaya tana makyarkyata, sannan ta fara yin baya. Sama'ilu ya taka birki sau ɗaya, sau biyu, sau uku, sau goma, ba ta ji ko ɗaya ba. Mutane suka yi ta dirowa suna salati, wani a kan wani. Ta daki gaɓar rafi, sifirin ya karye, ta kife a gefenta. Buhuna suka farfashe, geron shekara guda ya gauraye da yashi. Rago ɗaya ya karya wuya, da kyar aka samu aka sa masa wuƙa. Alhamdu lillahi ba a rasa ran ɗan'adam ba, sai haƙora huɗu da targaɗe da yawa.

Abin da ya biyo baya, iyalan sun so a ɓoye, amma gari ya riga ya gani. Sama'ilu ya rarrafo ta taga, jini a goshi, ya zaro sandar jak ya hau marigayiyar da duka. Ya fasa mata fitilu biyu. Ya ragargaza gilashi. Yana duka yana zaginta, wai ta ci abincin manya ta yi masa butulci a gaban jama'a. Da sandar ta suɓuce sai ya kai wa ƙofa naushi, nan hannu ya karye. Da na hagu ya shaƙe Abdussalam, ya danne shi a cikin gero, ya gantsara masa cizo a kunne. Sai da ƙarti huɗu suka ɓamɓare shi, su kuma masu kaya suna ta jifansa da albasarsu.

Ɗanliti bakanike ne aka kira ya duba gawar. Ya shinshina tankin mai, ya leƙa inji, sannan ya juyo wurin Sama'ilu.

"Malam Sama'ilu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Man nan bai taɓa ta ba. Mai kyau ne, shi ya sa tarin ya tsaya, amma ƙarfi ko na ƙwayar gero bai ƙara mata ba. Injin jirgi aka yi wa shi, ita kuwa ta sha shi ne yadda take shan na kullum. Da lodinta na kullum ka yi mata, da yanzu tana Ɗambatta. Kaya ne suka kashe ta, da ƙafarka."

Sama'ilu ya dubi fitilun da ya fasa, ya zauna a yashi, ya fashe da kuka. Ba wanda ya sake jifansa.

Marigayiyar ta bar mai ita da matarsa da 'ya'ya bakwai. Ta bar tayar safaya guda mai faci tara, da guntun itacen da ake tokare ta da shi a gangare, da rabin jarkar man jirgi wanda ba mai son gado.

Za a ɗauko gawar gobe Talata bayan sallar azahar, a kan amalanken shanu biyu, zuwa maƙerar garin, inda za a sassare ta. Liman ya hana a ce Allah ya jiƙanta, don haka masu ta'aziyya su ce Allah ya mayar da alheri. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, ban da Abdussalam sai kunnensa ya warke. Sarkin maƙera ya yi alkawarin fartanyar farko da za a ƙera daga sifirinta ta Malam Sama'ilu ce, tunda damina ta kusa kuma ba shi da wata hanyar abinci. Iyalan suna roƙon duk wanda ya wuce shi a gona bana, ya yi masa sannu da aiki kawai, kada ya kira shi Direba.