Rasuwar Shofo, Injin Ruwan Zafin Gidan Lawali Mai Kamiyo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya riga ya cinye rabinta, Malam Lawali Mai Kamiyo na unguwar bakin tafki, Madarumfa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙwabta masu leƙe ta kan katanga, rasuwar injin ruwan zafinsa mai aiki da gaz, wanda gida da waje aka sani da Shofo. Ya rasu ranar Talata da hantsi, cikin wannan wata na Disamba 1995, yana manne a bangon makewayi inda ya shekara biyu da wata huɗu yana hidima. Bai tsufa ba, bai yi doguwar jinya ba. Kashe shi aka yi, kuma wadda ta kashe shi tana cikin gidan har yanzu, tana shan fura da ludayin mai gida.

Marigayin baƙo ne daga bayan teku. Wani Bature mai aikin ginin rijiyoyi ya zo da shi Maradi, da zai koma ƙasarsu ya bar wa Lawali shi, don shi ya yi ta yi masa jigilar siminti da kamiyonsa, wato babbar motarsa ta ɗaukar kaya. Fari ne tas, bai wuce ƙaramar akwati girma ba. Ya sami Lawali da gadon bayan da shekara ashirin da biyu na tuƙi tsakanin Maradi da Jibiya da Katsina suka sandarar, wanda likita ya ce ba abin da zai sassauta shi sai ruwan zafi safe da yamma.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaida halinsa. Ba ya ajiye ruwa a ciki, ba ya neman tukunya, ba ya sa mutum jira. Ka murɗa famfo, ya ce tak, tak, tak, sannan ya ce fuuu, kafin ka gama tuɓe riga tururi ya tashi. Ka rufe famfo, ya yi shiru, sai ɗan shuɗin harshen wutar nan da ke lumshe a ƙirjinsa kamar idon mai gadi. Bai taɓa sa idon Hafsatu, uwargidan Lawali, hawayen hayaƙi ba. Abu biyu kaɗai ya roƙa a rayuwarsa: butel, wato tulun gaz, daga Maradi, da ruwan rijiya tsantsa daga tano, wato durom ɗin ƙarfen da aka ɗora bisa dogayen ƙafafu sama da soro. Baturen ya ɗaga yatsa ya yi gargaɗi cewa hanjin marigayin na jan ƙarfe ne, siriri kamar tsinken tsintsiya, ko ƙwayar yashi ba ya so. Saboda haka Lawali da kansa yake tace ruwan da farin ƙyalle, ya rufe tanon, ya danne murfin da dutse.

Wajibi ne a ambaci abin da ya faru ranar da aka kafa shi, tunda maƙiya ba su bar maganar ta kwanta ba. Ran nan Idi mai itace ya tsaya da jakinsa a ƙofar gida kamar yadda ya saba shekara goma. Lawali, da farin ciki ya ɗebe shi, ya ce masa gaban jama'a:

“Idi, ka gaya wa jakinka ya manta ƙofar nan. Girki muna da risho da kara, wanka muna da Shofo. Ranar da na sake neman itacenka, a ɗora ni bisa jakin nan a ratsa kasuwa da ni.”

Idi ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Kun dai ji.” Ya kora jakinsa ya wuce.

Ajalin marigayin ya taso ne daga ƙauyen Gabi, cikin amalanke, da ƙullin tsummoki da buhun ganye. Nafisa, ɗiyar Lawali ta fari, ta zo haihuwar farko gida, Allah ya sauke ta lafiya, aka sami namiji. Sai ga Gwaggo Jummai, yayar Lawali, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ta zo kula da wankan jego na kwana arba'in. Tana sauka aka nuna mata marigayin da alfahari. Ta tara hannu a famfo, ta shinshina, ta yarfe.

“Ruwan nan ba shi da uwa ba shi da uba. Bai ga ganye ba, bai ji wuta ba. Da shi za a gasa mini ɗiya?”

Lawali ya rusuna ya yi bayani da ladabi, ya ce a tara ruwan a baho sannan a zuba ganyen bedi, wato darbejiya, da na tsamiya a ciki. Ta ce ganyen da bai dahu tare da ruwa ba ado ne. Ya sake bayani, har da zane a ƙasa. Ta ce, “To.” Yau Lawali ya gane ita wannan “to” ita ce likafanin marigayin.

Kwana tara ta yi tana bin doka. Ran na goma Lawali ya ɗauki lodin wake zuwa Katsina. Ƙarar kamiyonsa ba ta gama ɓacewa ba, tsohuwar da kullum ke kukan gwiwa in an ce ta miƙo buta ta jingina tsani, ta hau sama da soro, ta ture dutsen. Ta ɗura bedi, ta ɗura tsamiya, ta daka jar kanwa ta bi da ita, ta sa muciya ta juya. Lissafinta shi ne, tunda na'urar tana dafa duk abin da ya ratsa ta, a ba ta maganin tun daga sama. Hafsatu ta gani, amma wace matar ƙane ce za ta riƙe ƙafar yayar miji bisa tsani? Rana ta farko ruwa ya fito kore, har Gwaggo ta kira matan unguwa su zo su ga yadda ta koya wa kayan Nasara aiki. Rana ta biyu marigayin ya fara tari. Ba wanda ya kula.

Rana ta uku Lawali ya dawo, baya a ƙage, ya ɗaura tawul ya shiga makewayi. Ya murɗa famfo. Marigayin ya ce tak, tak, tak, ya ce fuuu, don bai taɓa ƙin amsa kiran mai gidansa ba. Ɗigo uku na koren ruwa suka faɗo, shi ke nan. Wuta na ci, ruwa ba ya wucewa. Sai ya fara ƙwanƙwasa daga ciki, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya yi wani dogon fito da Lawali ba zai manta ba har ya bar duniya, sannan ya ce bam. Lawali ya fito a guje, hannu ɗaya riƙe da tawul, ya rufe butel. Allah ya tsare ba wanda ya ƙone. Waɗanda suka ce tawul ɗin ya faɗi, Allah ya isa.

An kira Shu'aibu maƙeri, mai liƙin lagireton motoci. Ya kwance ƙirjin marigayin, ya sa waya ya zaƙulo wani abu mai kama da miyar kukar da ta kwana uku. Ya nuna inda hanjin ya narke wuri uku, ya ce irinsa ko a Kano sai an yi sa'a. Ya goge hannu a riga ya ce, “Malam Lawali, wannan ba na gyara ba ne, na haƙuri ne.”

Da aka kai wa Gwaggo labari tana tsinkar zogale, ko kai ba ta ɗaga ba.

“Abin da ba ya iya haɗiye ganyen bedi dama can ba lafiyayye ba ne. Kai da ruwan bedi na yi maka wanka shekara biyu, ka fashe?”

Ba a mayar wa wadda ta goye ka magana. Shi ya sa Lawali ya sa aka rubuta wannan takarda, kuma duk wanda ya kai ta Gabi ko ya karanta mata ita, shi da Lawali har abada.

Marigayin ya rasu ya bar butel biyu, ɗaya cike, ɗaya rabi, suna takaba a zaure. Ya bar tano mai warin kanwa, da tiyo gaba shida, da famfon da yanzu in an murɗa sai iska. Ya bar ɗan littafi mai harsuna biyar wanda ba a taɓa karanta ko ɗaya ba. Ya bar bayan Lawali maraya. Ya kuma bar maƙwabta tara da suka saba zuwa gaisuwar safe da bokiti a hannu, waɗanda tun ranar Talata ba a ga ƙeyar ko ɗaya ba. Ana sanar da su cewa an lura.

Amma jego ba ya jiran makoki. Saura kwana ashirin da takwas, ƙatuwar tukunya safe da yamma, ga ɗari ya sauka, kara kuwa ba ya tafasa irin wannan tukunya. Hafsatu ta ƙone tsohon turmi, ta ƙone ƙafafun gadon baƙi, har ta fara kallon ƙyauren zaure. Lawali ya zaga masu itacen garin nan kaf, kowa ya ce nasa an riga an kama, a tambayi Idi. Ran Juma'a Nafisa ta fito daga wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, haƙoranta na haɗuwa. Gwaggo ta ɗaure ƙullinta ta ce in rana ta sake fitowa babu gungume a gidan nan, za ta kwashe mai jego da jariri zuwa Gabi, duniya ta ji cewa Lawali mai kamiyo ya kasa dafa wa ɗiyarsa ruwa. Jaririn kuwa sunan mahaifin Lawali ya ci.

Don haka Lawali ya tafi gidan Idi da ƙafarsa. Ya same shi yana ba jaki harawa.

“Malam Lawali, lafiya? Ko ɓatan hanya ne?”

“Itace nake so.”

“Akwai. Jakin ma ga shi, ya ƙoshi. Da sirdi za ka hau ko haka nan?”

Sai da dattawa uku suka sa baki, suka ce mai jika ba ya hawa jaki a kasuwa, sannan Idi ya yarda a yi musanya. Ya ba da gungume biyu aro, sauran sai an cika sharaɗi. A kan wannan sharaɗi aka tsara jana'iza kamar haka.

Za a fito da marigayin ranar kasuwa mai zuwa, bayan la'asar, lokacin da kasuwa ta cika. Ba za a yi masa wanka ba, abin da aka ɗura masa ya isa. Za a ɗaure shi bisa jakin Idi a madadin mai shi. Lawali zai riƙe igiyar da hannunsa tun daga ƙofar gida, ta layin masu kifi, ta tsakiyar kasuwa, ba ta bayan gari ba. Idi zai biyo baya yana amsa gaisuwa. Za a sauke shi a maƙerar Shu'aibu, inda za a cire jan ƙarfen, farin jikin kuma a buge shi ya zama murfin tukunyar jego, bisa umarnin Gwaggo Jummai, wadda ta ce ko yanzu ya yi amfani.

Ba a buƙatar zaman makoki, ba a buƙatar nasiha. Mai jin dariya ya zauna gidansa. Daga maƙera za a biya a yi lodin itace, a juyo gida. Lawali ya tambaya ko a nan ma sai ya ja igiya. Idi ya ce ba sai ya wahala ba, jakin bai taɓa manta ƙofar ba.