Gaisuwar Da Ta Ci Shanu Biyar

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na gaida soja ta oba-oba ba. Ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba.

Lokacin ɓarayin shanu sun hana mu sakat a yankin Fakku, ga waya ba sabis. Sai sojoji suka kira wakilan ƙauyuka zuwa Tambuwal suka raba mana oba-oba, wato rediyon hannu na magana irin nasu, don in wani abu ya taso a sanar da su, su tada ƙaramin jirginsu maras matuƙi ya duba daji. Ni aka tura daga garinmu, wai don ni malamin makaranta ne (ba wanda ya tambaye ni ko ina so). Na isa a gajiye liƙis, babur ya gama jijjiga ni, saboda haka Sajen da ke koya mana yana bayani ina gyangyaɗi. Na dai ji ya ce a danna maɓalli a yi magana. Inda ya ce a saki don wani ya samu yin magana, da cewa dukkanmu layi ɗaya muke, wannan ya wuce ina barci.

Washegari da safe na tashi ba da rahoto. To, ni ban taso inda ake faɗa wa babba magana ba gaisuwa ba. Na danna, na yi sallama. Ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, yaya iyali, yaya ruwa. Shiru. Na ɗauka Saje bai ji ba, na sake daga farko da ƙarfi. Shiru. Sai zuciyata ta ce ai ya gan ni ina barci jiya, fushi yake yi. Na shiga ba shi haƙuri, na kawo masa labarin ramukan hanya da ciwon bayana (duk ƙauyukan nan suna saurare), har addu'a na yi wa iyayensa.

Ba hankalina ne ya dawo ba, babban yatsana ne ya gaji. Ina saki sai ga muryar Ardo Buba, dattijon rugar da ke yamma da mu, har ta dushe.

"Malam, don girman Allah ka yi shiru! Tun ɗazu nika kira! Shanuna sunka kora, sun yi gulbi da su!"

Sai Saje, a hankali: "Malam, ajiye na'urar nan a ƙasa. Kada ka sake taɓa ta."

Jirgin ya tashi, ya gano garken a mashigin gulbi, sojoji suka tare. Yawanci sun dawo. Biyar an riga an ƙetare da su.

Sai da na kwana uku kafin na iya zuwa jaje. Ina zama a kan tabarma, bakin nan nawa da ba ya jin magana ya ce, "Ardo, ina gajiya?"

Ya dube ni ya ce:

"Lafiya lau, Malam. Ai mun ji gaisuwakka ran nan, amsawa ce ba mu samu ba. Iyali lafiya, ruwa sun yi gyara. Shanu ne biyar babu, har da wadda jikokina ka shan nononta."

Bai zage ni ba. Har fura ya sa aka dama mani, na shanye da ƙyar. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Har yau oba-obar tana hannuna, don ba wanda ya yarda ya karɓa, kuma wallahi na gaji. Abu ɗaya dai na koya, Ardo ne ya biya da saniyar jikokinsa: in kana ta magana ka ji kowa ya yi shiru, kada ka ƙara murya. Duba yatsanka tukuna.