Rasuwar Haƙorin Makka na Alhaji Shitu Durba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai shan iska ta gaba, Alhaji Shitu direba, na Durba a ƙaramar hukumar Kibiya, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da ɗaukacin 'yan tashar Rano rasuwar amininsa kuma abin tinƙahonsa, wato haƙorinsa na Makka. Marigayin ya bar duniya ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, yana da shekara bakwai da wata huɗu, bayan doguwar jinya da gajeriyar tafiya a sararin sama.

Wanda bai san Durba ba zai ce mene ne abin kuka a haƙori ɗaya, alhali Allah ya ba mutum talatin da biyu. To, a saurara. Shitu yana karen mota, ɗan shekara goma sha tara, ƙarfen cire taya ya kuɓuce ya ɗauke masa haƙorin gaba na sama. Kafin jini ya tsaya an raɗa masa suna Wawulo, saboda giɓin. Shekara talatin da biyu bawan Allahn nan yana amsa wannan suna yana haɗiye takaici. Ya sayi akori-kura tasa ta kansa, yana Wawulo. Ya aurar da 'ya'ya uku, yana Wawulo. Liman kansa in zai ambace shi a masallaci sai ya ce Malam Wawulo, wai shi nan ya girmama shi ke nan.

An haifi marigayin a birnin Makka lokacin aikin hajjin shekarar 2001, a wani shago da bai kai bayan akori-kura faɗi ba, a hannun wani mutumin Bangaladash da ke sayar da agogo da carbi a gefe. Babu allura, babu hoton ƙashi, babu tambayar ko kana da hawan jini. Riyal arba'in, minti goma sha biyu. Mutumin ya sa magagari ya goge lafiyayyun haƙora biyu na hagu da dama, ya rataya musu baƙon zinariya, ya yi wa Shitu alama ya cije. Shitu ya cije, ya dubi madubi, ya fashe da kukan da abokan tafiyarsa suka ɗauka na tuba ne. Ranar da ya sauka a Durba murmushi ɗaya ya yi wa masu tarya, sunan Wawulo ya faɗi matacce a nan take.

Halayen marigayin ba sa ƙirguwa. Bai taɓa tauna haram ba, don gaskiya ma bai taɓa tauna komai ba, shi aikinsa a gan shi ne. Saboda shi Alhaji ya koma shan rake da gefen baki, ya yi sallama da goriba har abada. Mai son jama'a ne, yakan riga mai shi gaisawa. Da shi aka daina zaunar da Alhaji a bakin tabarma wajen ɗaurin aure, aka riƙa matsa masa gaba kusa da waliyyai. Mutanen ƙauyen Fassi sun shaida cewa in rana ta take sukan hango walƙiyarsa daga cikin mota tun ba su ji ƙarar injin ba. Ba shi da yawan magana. Kalmarsa ɗaya ce, wadda yakan yi da kofin tangaran a teburin Zailani mai shayi kowace safiya: ƙyas. Zailani ya ce tun Lahadi teburin ya yi masa shiru.

Jinya daga maƙwabta ta faro. Haƙoran nan biyu da aka goge a Makka suka soma ruɓewa a ƙarƙashin rufi, marigayin ya fara lilo. An gwada kanumfari, an gwada ruwan gishiri, an gwada garin taba. Wani mai son Alhaji da alheri ya ɗiga masa ruwan batir, Allah dai ya yafe masa. Daga nan aka kai shi wurin wani mutumin Damagaram mai cire haƙori da filaya a kasuwar Rano, wanda ya ce naira ɗari biyu ne, in kuma ya karye a ciki, tonowa kyauta. Alhaji ya ce bari ya je ya kama ruwa, bai koma ba har yau.

A wani asibitin kuɗi a Kano, likita ya leƙa bakin ya yi salati. Ya ce dubu arba'in da biyar, kuma matakin farko shi ne a ɓalle marigayin a yar.

"Likita," in ji Alhaji, "abin da na ɗauko daga ƙasa mai tsarki za ka jefa a kwandon shara?"

"Alhaji, shi ne yake kashe maka sauran."

"To su yi haƙuri, ai maƙwabtaka ce."

Da labari ya koma tasha, sai kowa ya zama masanin haƙoran duniya. Alhaji Ƙasimu, ɗan kasuwar da ke zuwa Cana, wato ƙasar Sin, saro kaya, ya rantse cewa a can kuɗin rago ɗaya ya isa a jera wa mutum baki guda cur, sai dai haƙoran ƙanana ne, kuma farinsu kan sa a ɗauka aro ne. Munzali, ɗan Alhaji Shitu da ke karatu a Sudan, ya bugo waya ya ce a Khartum aikin da sauƙi, amma zama a kujerar likitan sai mai ƙarfin imani. Wani ya ce Misra ta fi kowa iyawa, in mutum zai iya sayar da shanun huɗa biyu. Wani ya ce a Indiya huda ƙashi suke yi su ɗaure haƙori da noti. Wannan ya burge Alhaji a matsayinsa na direba, sai dai ya san abin da hanyar Rano zuwa Kibiya ke yi wa noti. Wani kuma ya ce ya ji a Ingila kusan kyauta ne, amma layin ya fi na fetur, kafin a zo kanka haƙorin ya gaji ya fita don kansa. Babu wanda ya taɓa buɗe bakinsa a ɗaya daga ƙasashen nan, amma kowa da farashinsa. Abin da ya ƙona wa Alhaji rai shi ne, duk inda aka zaga maganar ɗaya ce, sai an cire.

Mutum ɗaya tak ya ce ba sai an cire ba, shi ne Mato mai faci. Naira talatin ya karɓa, ya busar da wurin da iskar famfon taya, ya ɗiga gam, ya danne da babban yatsa har ya ƙirga ɗari. Aikin ya kama, har ya wuce gona da iri, don leɓen sama ya manne tare da marigayin. Kwana biyu Alhaji yana murmushin da ba ya iya rufewa, a haka ya je ta'aziyya Zinyau, kuma har yanzu mutanen gidan ba su huce ba. Gam ɗin ya riƙe kwana goma sha ɗaya.

Ranar Lahadi Alhaji na zaune a tsakar gida, uwargidansa Tani tana dakan yaji. Barkono ya tashi. Alhaji ya yi atishawa ɗaya mai ƙarfi, marigayin ya fita kamar an harba shi da gwafa, ya tsallake katanga, ya bugi ƙofar langa-langar maƙwabciyarsu Barira, ya yi kalmarsa ta ƙarshe: ƙyas. Ya faɗo tsakiyar zabbinta guda tara, ɗaya ta haɗiye. Wacce? Sai wanda ya halicce su, don zabuwa da zabuwa ko mai su ba ta rabewa.

Aka kira liman. Ya yi nazari ya ce haƙori na Alhaji ne, zabbi na Barira ne, babu hanya sai ciniki.

"Alhaji, damina ce, ƙwai suke yi," in ji Barira. "Kuma ɗaya daga cikinsu Hajiya ce yanzu, ban san wacce ba. Dubu bibbiyu, duka tara ko a bari."

Alhaji ya biya abin da ya fi kuɗin baki guda a Cana. Ranar Litinin aka fara yanka, ana tsaga ƙundu ana dubawa, sai a ta bakwai aka sami gawar. Amma ƙundu ya riga ya yi aikinsa. Abin da ya fito toka-toka ne, kamar kan ƙusa. Maƙerin zinariya a Rano ya goga shi a dutse ya ce gwangwani ne aka yi wa ruwan gwal. Iyalan mamacin suna roƙon kada a yaɗa wannan magana, ba a tona asirin wanda ya riga mu.

Marigayin ya bar maƙwabta biyu suna kwance rai a hannun Allah, da turame goma sha ɗaya, da harshe wanda ke kai ziyara gurbinsa sau ɗari a yini. Ya bar asuwaki na musamman da ba a taɓa goge wani da shi ba, da zabbi biyu da suka tsallake rijiya da baya. Ya bar Alhaji, wanda tun Lahadi bai fita tasha ba, bai kuma yi magana ba sai da tafin hannu a baki, yana jiran ya ji wane mara mutunci ne zai fara tono tsohon suna. Ya kuma bar Tani, wadda ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Da mata suka ce mata ta ji tsoron Allah, cewa ta yi: "Ni da giɓin na aure shi. In ya kira ni akwai ɗan fito da ke biyo maganar, tun daga zaure nake sanin ya dawo. Shekara bakwai gwangwanin nan ya toshe mini shi."

Za a yi jana'iza gobe Laraba bayan la'asar. Liman ya ce babu salla, kuma kada a sake tambayarsa. Za a naɗe marigayin a ƙyallen haramin da aka yi hajji da shi, a binne a gindin darbejiyar bayan gida. Ana roƙon jama'a su taimaka wajen korar ƙadangaru, don tun muna yara aka ce in ƙadangare ya ga giɓi haƙori ba ya sake tsirowa, Alhaji kuwa bai fid da rai ba duk da shekara hamsin da takwas. Akwai soyayyun zabbi bakwai ga masu haƙora, mai gida zai sha kunu. Don Allah kada wanda ya zo da sunan wata sabuwar ƙasa.

Saura kwatance ga baƙi. Tun da kujerun Makka suka yawaita a zamanin siyasar nan, Alhaji Shitu huɗu ne a Durba, kuma jiya masu ta'aziyya daga Rano sun sauka a gidan da ba shi ba, sun ta da hankalin mutane. Mai rubuta wannan sanarwa ya tambayi mai makoki yadda za a bambanta. Alhaji ya ɗago ya dubi Tani a bakin ƙofa, ya sauke hannunsa daga baki karo na farko tun Lahadi, ya faɗi abin da za a rubuta, ɗan fiton nan yana biye da maganar. Tani ta juya ta shige ɗaki tana goge ido da bakin zane.

Saboda haka, duk wanda ya iso Durba bai san gidan ba, kada ya wahalar da kansa da neman Alhaji Shitu. Ya tambayi gidan Wawulo.