Rijiyar Gindin Dutse

Shekarar da aka yi fari, rijiyar ƙauyenmu ta ƙafe, aka ce a gina sabuwa. Baba Illo, tsohon maginin rijiya, ya nuna fadama. Ni kuwa girman kan sakandare na ɗibana, na ce, "Baba, a gindin dutsen can ruwa ke taruwa. Mun karanta!"

"Littafi ya faɗi haka, ɗiyata?"

"Ya faɗi."

Baffana mai gari ya ce a bi ta 'yar boko. Kwana tara maza na haƙa da yunwa a cikinsu, ba su tarar da komai ba sai marmara, ko danshi babu. Tafin hannun yayana duk ya fashe. Da ma na kama bakina.

Har yau in na ɗauki tulu, mata sai su ce, "Malama, rijiyarki za ki? Ki rage muna ruwan!"